Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ni ɗan fari ne, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Wancan" take ce mini, in tana cikin nishaɗi kuma "mutumin Gwaram", saboda can nake aikin ƙaramar hukuma. Ban taɓa ƙorafi ba. Haka kowace uwa mai kunya take yi a garinmu, Farin Dutse.

Ba a daɗe da yanke Jigawa daga Kano ba ciwo ya kama ta. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari a kai a kai, ciwon ƙashi, ga mantuwa. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, shiru. Na ɗauki shatar mota muka nufi asibitin Birnin Kudu.

Muna zaune a benci, baranda cike da mata, sai ta kama hannuna ta kira sunana gatsal, da ƙarfi. "Ba ni ruwa, ɗana." Ƙanwarta da ta rako mu ta yi salati, ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma na ba ta ruwan, kuma ban zare hannuna ba.

Likita ya ce ba iska ba ce, ba kuma tsufa ba ne. Kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, shi ya yi yawa a jininta har ya rikita mata kai. Wata 'yar ƙwaya ce a wuyanta ta kumbura, take ta kwaso shi daga ƙashi tana zubawa cikin jini. Ya ce za a yi mata ƙarin ruwa, sannan a je Kano a cire ƙwayar. "Da yardar Allah za ta dawo yadda kuka san ta."

Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciya na faɗa. Sai dai can ƙasan raina wani abu ya sosu, na kasa haɗa ido da likitan don kunya. Ƙato da ni, da gemuna, ina jimamin abin da zai tafi tare da ciwon uwata.

Bayan an yi mata aikin a Kano, na shiga duba ta. Tana zaune, idonta garau. Da ta gan ni sai ta juyar da fuska wajen bango, ta ce wa ƙanwarta, "Ki faɗa wa wancan ya koma bakin aikinsa, na ji sauƙi."