Orval da Sukarin Ƙarƙashin Dusa

A bakin kakarta Marnie ta fara jin sunan Orval Kettleson, kuma ba da alheri ba. Duk hunturun da sama ta washe, aka yi makonni dusar ƙanƙara ba ta sauka ba, sai tsohuwar ta leƙa taga ta ce, "Ga ranakun Orval sun dawo."

Sai da Marnie ta girma ta haɗa zancen. Orval abokin farautar kakanta Eino ne a tsaunukan Idaho. A wani fari irin wannan ya ce wa Eino gangaren bayan gari lafiya lau yake, tunda dusa ta daɗe ba ta ƙaru ba. Eino ya hau, dusar gangaren ta zaftaro da shi, bai tsira ba. Tun daga ranar ba wanda ya sake jin "lafiya" ko "haɗari" a bakin Orval. Gyaran injinan yankan katako ya ci gaba da yi, idan sama ta bushe kuma ya ɗauki shebur ya haƙa rami a dusar bayan gidansa.

Shekarar da ƙanenta Dale ya sayi babur ɗin ƙanƙara, ya rantse sai ya hau gangaren nan ranar Asabar, Marnie ta je wurin tsohon. Ta same shi cikin rami har ƙugu.

"Jikar Eino ce? Kin zo ki isar da zagin kakarki?"

"Ta ce in bar mata kayanta, Baba. Tambaya na zo yi. Dale zai iya hawa?"

"Sa hannu nan ƙasa."

Saman dusar tauri kamar katako. Can ƙasa kuwa sai ta ji tana zubewa tsakanin yatsunta kamar sukari.

"Sanyin da babu gajimare ne ke cinye ta daga ciki," in ji shi.

"Wato akwai haɗari?"

"Sai sabuwar dusa ta sauka ta danne ta."

"To ai ba ta sauka ba. Ke nan lafiya?"

"Lokacin Eino ma ba ta sauka ba. Iska ce ta kwaso ta tara a can sama. Ko kuwa ba iska ba ce. Kullum ina haƙawa, amsar tana sauyawa."

Marnie ta tsaya da hannu a jiƙe, ta rasa abin da za ta kai gida. Ta zo neman i ko a'a, ga shi ta ƙara rikicewa.

"Baba, me zan ce masa?"

Orval ya dubi gangaren.

"Ki ce ban sani ba, don gaskiyar ke nan. Amma ina roƙonki, ki ɓoye makullin babur ɗin nan. In ya yi faɗa, ce ni na sa ki. Gidanku sun saba zagina."