Waƙar da Ta Riga Ni Isa Kano

A shekarar da China ta karɓi gasar Olamfik bizata ta mutu a Guangzhou. A da sai mutum ya leƙa Hong Kong ya dawo da sabon tambari, amma da wasannin suka matso aka tsuke komai, aka ce kowa ya koma ƙasarsu ya nemo. Ni kuwa jarina ya riga ya narke a wasu takalma da kasuwa ta ƙi. Kunyar komawa hannu rabbana ta sa na zauna, na zama ɗan rakiyar 'yan kasuwa, ina kai su shagunan waya ina yi musu tafinta da guntun Sinancina.

Ban taɓa sanin ni matsoraci ba ne sai a lokacin. In ina tafiya a titin Huanshi Lu na hango kaki, ko na mai gadin banki ne, sai in sauya hanya. Na daina zuwa Juma'a a Masallacin Huaisheng don kar a tare ni a hanya a ce in fito da fasfo. Amma duk ranar da na kira mahaifiyata a Kano, lafiya lau nake ce mata, kasuwa sai godiya. Tana fama da hawan jini, ƙanwata kuma ta sha ja mini kunne cewa labari mara daɗi kwantar da ita yake yi.

Abokin zamana wani Bamaraɗe ne mai saro kaya a kasuwar Shisanhang. Takardunsa cif suke, shi ya sa yake da bakin yi mini tsiya. Da gurminsa ya zo China, a naɗe cikin zani kamar jariri. Da rana, in maƙwabta sun fita aiki, sai mu jingina katifa a ƙofa don ta shanye sauti, ya riƙa kaɗawa a hankali. Ba mu gaji waƙa ba a gidanmu, amma wata rana na tsinci kaina ina ɗora baiti a kan kiɗansa, irin tafiyar waƙoƙin noma. Na yi waƙar yaron da ya tafi neman arziki ya koma ɓoyo a ɗaki, in ya ji takun takalmi a matakala sai ya riƙe numfashi. Har durumin ƙofar gidanmu na sa a ciki, da tsohuwar da ake gaya wa lafiya lau.

Da wayarsa muka ɗauka. Sau nawa muna katsewa saboda an buɗe wata ƙofa a baranda na ƙame. Da ta kammalu ya tura wa wannan, wannan ya tura wa wancan ta bulutut, kafin ka ce kwabo Hausawan unguwar Xiaobei sun haddace amshin. Ba zan yi ƙarya ba, kaina ya ɗan kumbura.

To, al'adarmu a shagon waya, ba a biya sai an gwada lasifika. Rannan na raka wani Alhaji ɗan Kano sarin wayoyi, na zare katin wayata na sa waƙar don gwaji. Mai shagon, wanda duk muke kira laoban, wato maigida, ya yi ta gyaɗa kai, ya nemi aron katin, na ba shi ban kawo komai a raina ba. Ashe ya lura baƙaƙen kwastomominsa na son ta, sai ya kwafe ta a duk katunan da yake haɗawa kyauta da wayoyi.

Sai da Alhajin ya kira daga Kano yana dariya na sani. Ya ce wayoyinsa sun yi farin jini, har masu caji a bakin titi suna tura wa mutane waƙar ɗan China. Na manta da 'yan sanda, na ruga shagon ina roƙon laoban ya goge. Ya buɗe hannuwa ya ce meyo, meyo, babu, kaya sun tafi. Bamaraɗe ya ce in kwantar da hankali, Kano ba ƙauye ba ce, kuma tsofaffi ba sa sauraron waƙar waya. Ban yarda ba. Muryata ce, durumin kuma duk unguwa an san shi.

Daga nan tsorona ya zama biyu. A waje kaki, a ɗaki ƙarar waya. In na ga lambar Najeriya sai in zuba mata ido har ta tsinke, ina ganin ƙanwata ce za ta ce an kai tsohuwa asibiti. Abinci ya daina shiga. Bamaraɗe ya daina tsokanata, ya mayar da gurmin cikin zaninsa.

Wata safiya ya ɗauki wayar da kansa ya manna mini a kunne. Mahaifiyata ce. Muryarta ta yi ƙasa, amma a zaune take. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma taɓa yi mini magana kai tsaye a kan abin da ya shafi zuciyarta ba. Muka gaisa, na ce lafiya lau kamar kullum.

"Yaran gidan nan suna sa wata waƙa," in ji ta. "In kana ganin mai ita, ka ce masa uwarsa ba kaya ta aike shi ya kawo ba. Ya taho haka nan."

Na ce, "To, Inna, zan gaya masa."

Na san abin da tahowa take nufi: in kai kaina ofishin shige da fice, in miƙa mataccen fasfo, su tsare ni iya yadda suka ga dama kafin su sa ni a jirgi. Washegari na yi wanka, na sa rigata mai kyau. Bamaraɗe ya raka ni har bakin ƙofar ofishin, yana riƙe da hannuna. Daga nan ni kaɗai na shiga.