Bukari ya fara da gefena

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bukari ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina riƙe da kofin shayi. Ƙaninsa Hamza ne ya kira. Ya ce sun dawo daga sallar Asuba, Bukari ya zauna a bakin ƙofa yana cire takalmi, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Tun lokacin na kasa zama wuri guda. Ni da ƙafa ɗaya gare ni, amma na zagaye ɗakin nan da sanduna har matata maman Aisha ta ce don Allah in zauna kar in faɗi. Na zauna. Na tashi. Na buɗe ƙofa na leƙa titi, ban san abin da nake nema ba. Shi ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan, ko hannuna ya samu abin yi.

Bayan La'asar za a yi masa salla a Harami. Ni ina nan unguwar Ka'akiyya a Makka, kuma ban san yadda zan je ba. Tasi akwai, amma ni ba ƙaramin mutum ba ne, sai an ɗaga ni, an naɗe kekena na guragu, an tura ni cikin cunkoso. Maƙwabta duk sun fita aiki. Mutumin da ya saba fitar da ni daga gidan nan shi ne za a sallata.

Duk wanda ya san unguwar Rusaifa ya san shi. Abu Yasir ake kiransa, mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Haifaffen Makka ne, kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya yi aikin Hajji ya zauna. Hausar Bukari rabinta Larabci ce, kuma in ka gyara masa sai ya ce taka ce ta lalace.

Ni tela ne, daga Kano na zo. Gyaran mukayyif ne ya kawo shi shagona ranar farko. Ya gama, na ba shi shayi, ya kurɓa ya ce, "Ɗinkinka mumtaz, amma shayinka, ya shekh, Allah ya yafe maka." Daga nan muka ƙulla.

Da ciwon suga ya ci ƙafata ta dama aka yanke ta, likita ya nuna ta hagun ya ce in saurara da kyau. Ita ma ba ta ji. Ko ƙusa na taka ba zan sani ba. Ƙaramin ciwo, in ya ƙi warkewa, zai iya tafiya da ita yadda aka tafi da 'yar'uwarta.

Na shige ɗaki na daina fita. Mutane suka yi ta zuwa sannu, Allah ya saka musu, a hankali ƙafa ta ɗauke.

Bukari bai taɓa ce mini sannu ba. Wata rana da yamma sai na ji hon a ƙofar gida. Na leƙa, ga shi a kan ƙaton babur ɗinsa na doguwar tafiya, irin mai kujera kamar ta falo. Ya sa an haɗa masa wata kujera a gefen dama, mai tayarta guda da gilashinta, an riƙe ta da jikin babur da ƙarafuna.

"Yalla, ya Garba," ya ce, "shiga kwale-kwale."

Na ce ni da girmana a zagaya da ni gari kamar buhun shinkafa? Ya ce buhun shinkafa ya fi ni daɗin ɗauka, don ba ya surutu. Shi ya ɗaga ni ya sa ni a ciki, ya ɗaure kekena a baya.

Wallahi ranar na yi kuka a hanya, na ce masa iska ce.

Daga nan duk ranar hutu muna waje. Unguwar Aziziyya shan shayi, nawa babu suga, kuma shi yake tsayawa a kan mai shayin har a zuba. Kafin mu tashi sai ya laluba aljihuna ya kwashe dabinon da na ɓoye, ya cinye a gabana. Ni na ɗinka wa kujerar riga, ya ce launin na mata ne, amma bai taɓa cire ta ba.

Sai ranar da muka hau dutse muka nufi Ɗa'if. Tafiya ta yi daɗi. Da muka dawo, maman Aisha tana cire mini safa sai ta yi salati. Gefen ƙafata ya tashi ƙullutu, ya cika da ruwa. Ashe zafin inji ne yake fitowa yana dukan bangon kwale-kwalen, ni kuma ƙafata tana jingine a wurin tun safe. Ina ta dariya ina gasuwa ban sani ba.

Ban taɓa ganin fuskar Bukari kamar ranar ba. Ya durƙusa ya daɗe yana kallon ciwon. Ya ce, "Halas. Ma fi fita." Wato an daina fita.

Ciwon ya ɗauki lokaci yana mana wasa, yau ya bushe gobe ya yi ruwa. Shi yake kai ni wanki a motar shagonsa. Allah ya taimaka ya rufe. Na ce to mu koma hawa. Ya ce a'a, sai ya ɗaura wa babur murfin ƙafa.

Ga waɗanda ba su sani ba, wasu murafe ne na roba mai tauri da ake ɗaura wa irin babur ɗin nan ta ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu, a gaban ƙafafun mai tuƙi. A ƙasashen sanyi ake son su, don su tare iska. Na ce Bukari, a Makka? Garin da ake soya ƙwai a kan kwalta? Kowa yana neman iska kai kana toshe ta? Ya ce in bar shi, korar zafi daga wani wuri zuwa wani wuri ita ce sana'arsa tun ina koyon sa zare a allura.

Da murafen suka iso, na dama ya ƙi zama. Masu yin su ba su san da kwale-kwale ba. Daidai inda murfin zai kwanta, nan ƙarafunan da suka riƙe kujerata suka ratsa. Dole a yanka robar a ba su hanya, kuma in aka yanka ba daidai ba ta tashi aiki.

Bukari kuwa ba ya gaggawa, abin da yake haɗa mu faɗa ke nan. Ya yanka kwali siffar murfin, ya gwada, ya yar. Ya yanka wani. Kullum na kira sai ya ce, "Shuwayya shuwayya, ya Garba." Wato a hankali. Ni kuma ɗaki ya ishe ni, bango ya ishe ni, har muryar kaina ta ishe ni.

Ganina da shi na ƙarshe, ranar hutun da ta wuce ne. Ya zo da babur da akwatin kayan aikinsa, ya ce tunda ba zai fita da ni ba, ya kawo gareji ƙofata. Muka zauna a inuwar bango bayan La'asar. Ya cire hulata ya zuba notoci a ciki ya ce in riƙe, aikina ke nan.

Ya ɗora kwalin a kan robar ya zana. Ya yi bisimilla ya sa zarto. Yana yanka yana tsayawa yana hura ƙurar, ya goge bakin da magagari, ya kai ya gwada, ya dawo ya ƙara gogewa. Gumi har yana ɗiga daga gemunsa.

Na ce, "Malam, ka fara da na hagu mana, shi da babu ƙarfen da ya tare shi. Ka gama ɗaya ka ji daɗi."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Hagu bai ƙona kowa ba."

Murfin yana da wata 'yar taga da iskar inji take fita ta gefe, wato ta inda nake. Na ga ya rufe ta, ya manna wani abu mai ƙyalli na aikin mukayyif a ciki, ya buɗe wata hanyar ta baya. Na bi hanyar da ido. Kai tsaye kan ƙwaurinsa za ta huro.

Na ce, "To kai fa? Ai kanka ka juyo da wutar."

Ya ce, "Ni ƙafata tana ji. In ta ji zafi zan janye ta. Miƙo noti."

Kafin Magariba murfin ya zauna daram, ƙarafunan sun ratsa ta ramukansu kamar da su aka yi shi. Na ce alhamdulillahi, ɗaga ni mu zaga ko layin nan ne. Ya ce la, ba yanzu ba, sai ya gwada tukuna. Na ce gwajin me kuma, ga abu ya zauna? Na yi ta mita. Ya karɓi hulata ya kakkaɓe ya kifa mini a kai, ya ce, "Ka sa a wanke farar rigarka. Ɗa'if tana jiranmu."

An wanke ta. Ga ta can a rataye.

Ku yi haƙuri, na ajiye rubutun na ɗan lokaci. Hamza ne ya sake kira.

Ya ce, "Yaya Garba, ka shirya, bayan Azahar ina zuwa da dabbab." Babur ɗin yake nufi. Na ce wa zai tuƙa? Mai kwale-kwale ba kamar sauran babura ba ne, ja yake yi gefe, ba kowa yake iya shi ba. Ya ce shi zai tuƙa, Bukari ya koya masa cikin kwanakin nan.

Na ce don me?

Ya ce don gwajin. Jiya da tsakar rana, lokacin da kowa yake neman inuwa, Bukari ya sa shi ya tuƙa. Shi kuma ya shiga kwale-kwale ya zauna a wurina, ya cire takalmi da safa, ya manna ƙafarsa ta hagu da bangon, daidai inda tawa take jingina. Suka fita bayan gari suka yi ta tafiya. Hamza ya ce su juya, ya ce a'a, a ƙara, Garba ba ya cewa a juya.

Da suka dawo ya shafa ƙafar, ya shafa bangon, ya yi dariya. Ya ce gobe in sha Allah zai zo da kansa ya gaya mini babu zafi.

Na ce Hamza, yau ranar da za ka bar gidan makoki ka zo ɗaukar gurgu ce? Ya ce, "Masu ɗaukar Abu Yasir suna da yawa, Yaya. Kai ne ba ka da mai ɗaukarka."

Murfin hagu, in ji shi, yana nan cikin kwalinsa ko buɗewa ba a yi ba.

Na ce wa maman Aisha ta sauko mini da farar rigar.

Ya Allah, bawanka Bukari ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa. Ya tare wa ƙafata zafi da tasa ƙafar, ya Allah ka tare masa zafin wuta, kar ko hucinta ya taɓa shi. Ka ba Ummu Yasir da 'ya'yansa da Hamza haƙuri.

Ku da kuka karanta har nan, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, don Allah kar ku wuce ba ku ce Allah ya ji ƙansa ba. Wanda yake kusa da Harami da La'asar ya tsaya a yi sallar da shi.

Ni bari in sa safa. Na bar ƙofa a buɗe don in ji hon.