Simintin da Aka Shafa wa Zauren Kakana

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar kakana, wanda duk gidanmu ke kira Baba Tsoho. Allah Ya jiƙan sa. Ba zan tsaya jera yabo ba, shi kansa ba ya son dogon zance. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne baffannina sun yanke shawarar rushe zaurensa kafin damina, su jera shagunan bulo a wurin.

Magini ne. Yana saurayi Nasara suka fara gina barikinsu a bayan birnin Sakkwato, aka tara samarin unguwa aikin tilas. An sa shi dakon dutse a ka, har ya rasu akwai wuri a tsakiyar kansa da gashi ya ƙi fitowa. Da aka sallame su ya dawo gida ya ɗora zauren nan da tubali, irin wanda ake mulmulawa da hannu, ya yi masa rufin bakan gizo da azara, ya rantse ko dutse guda ba zai shiga bangon ba. Bai taɓa cewa dutse mugun abu ne ba. Cewa ya yi ba za a ɗora masa a ka ba sannan a zaɓa masa ɗakin kwana.

Ginin ƙasa sharaɗinsa ɗaya ne, yaɓe duk shekara kafin ruwan fari. Ranar yaɓe a gidanmu babu mai uzuri. Baffanni masu aikin ofis su naɗe wando su shiga kwaɓi, mata su jido ruwa, mu yara mu yi ta tattaka ƙasa da ciyawa. Shi yana bisa tsani yana faɗa da kowa, don ba mai haƙuri ba ne, kada wani ya gyara masa hali bayan ransa. Ni ce abokiyar wasansa.

"Amarya, taka da ƙarhi! In ɗakin ga ya faɗi, ina za ni aje ki?"

"Ni ba ni auren mai sanƙo," in ji ni. Ya yi ta dariya har tsani na rawa.

Bayan rasuwarsa, babban ɗansa Baffa Sahabi ya ce an gaji da wahalar shekara-shekara. Aka sayo simintin kamfanin Kalambaina, birkila ya shafe bangon ƙasa da shi tas, aka bi da fenti. Maƙwabta suka yi ta sam barka. Tun daga nan babu ranar yaɓe, kuma ban da suna da jana'iza babu abin da ke tara mu. Siminti kuwa ba ya kama jikin ƙasa. Ya tsage, ruwa ya riƙa shiga ta baya, ya rasa hanyar fita, bango na jiƙewa a ɓoye muna ganin fenti muna murna. Bara wani ɓangare ya zubo.

Sai Baffa ya nuna mini wurin ya ce, "Kin gani ko? Zamanin ƙasa ya wuce."

Na ce, "Baffa, ba ƙasa ta gaza ba. Mu munka toshe mata hanci."

Ya ce, "Ke ɗiya mace, mi kinka sani ga gini? Don anka sa ki sakandare?"

Na kan tambayi kaina abin da Baba Tsoho zai ce da zai leƙo yau. A Sama Road zai ga gidajen da aka manna wa dutse a fuska don ado kawai. Ina jin zai shafa sanƙonsa ya ce abin da aka ɗora masa da bulala yanzu kwalliya ne. A Tudun Wada zai ga ɗakunan bulo da kwano da ke korar masu su waje da tabarma duk bazara. Ni ma a ɗakin bulo nake kwana, ba zan yi ƙarya ba. Amma tsakar rana, in zafi ya kai maƙura, har Baffa a wannan zauren yake shimfiɗa buzunsa.

Makon jiya na ɗauki gatari na fara ɓamɓare simintin da kaina. A ƙarƙashinsa na tarar da yaɓen ƙarshe, da sawun yatsun tsohon a jere kamar jiya ya sauka daga tsani. Gindin bangon ya jiƙe, amma bakan bai motsa ba. Wani dattijo da ya koyi gini a hannunsa ya duba, ya ce in ya sha iska aka yaɓe kafin ruwa, zai tsaya.

Me ya rage na Baba Tsoho? Ba hoto muke da shi ba, bai bar gona ba. Zaure ne da ba ya tsayuwa sai jikoki sun taru, da kuma taurin kai, wanda ga alama ni na gada.

Don haka na sa an sauke mini jar ƙasa a ƙofar gida, daidai inda Baffa ya ce za a jibge bulo, na zuba mata ruwa tana tsima. Asabar mai zuwa akwai yaɓe a gidanmu. Duk jikan da ya zo, ga kwaɓi nan. Wanda ya zo da masu rusau kuma, a ciki zai same ni, har gwiwa.