Makarantar da ke saman shagon takalma

Mun tashi da asuba daga Port Richmond, mu uku: ni, da ƙanena da ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙin tasi a New York, da wata ɗaliba 'yar ƙasar Vietnam da ke haya a benen gidansu. Kwanana tara ke nan da zuwa daga Kano. A gida na ce zumunci ne ya kai ni, amma kowa ya san makaranta nake nema wa 'yata ta fari, wadda ta gama sakandare da irin sakamakon da ni kaina, bayan shekara ashirin ina koyar da lissafi, ban saba gani ba. Ƙanena ne ya ce, "Yaya, kafin ka cike fom ɗin kowa, bi yarinyar nan ka ga tata makarantar."

Bas ta kai mu bakin ruwa, muka shiga jirgin fito zuwa Manhattan. Ba a biyan ko sisi. Shi kaɗai ne abin da na samu kyauta a ƙasar, in ka cire sanyi. Na sayi kofi na dala ɗaya, wanda ɗanɗanonsa bai wuce kuɗinsa ba, na tsaya ina kallon gunkin nan mai riƙe da fitila. Ni kaɗai ne ke kallo. Sauran fasinjojin barci suke, kowa da jakar abincinsa a cinya.

A jirgin ɗalibar ta ba ni labarinta. Tun da ta ji ni malami ne take miƙo mini komai da hannu biyu, kamar yadda ake yi wa malamai a garinsu. Ita ta zo ta ɗaya a lissafi a gundumarsu. Wani dillalin makarantu ya kawo wa mahaifinta takarda mai hoton ciyawa shar da ɗalibai suna dariya a kai, ya ce shekara guda za ta yi tana goge Turanci, sai ta wuce karatun haɗa magunguna. Uban ya sayar da rabin gonarsa ta shinkafa. Shekara huɗu ke nan.

Makarantar tana hawa na uku, a saman wani shagon takalma. Ciyawa dai ban gani ba. A ƙofa akwai tebur da rajista, kuma a nan na ga ɗalibai sun fi natsuwa: kowa ya sa hannu a hankali, ya duba ya tabbata. Ranar da sa hannun ya yanke, takardar zaman ƙasa ta mutu. An bar ni na zauna a baya. Malamin, bawan Allah mai fara'a, yana koyar da sunayen ranakun mako ga mutanen da suka shekara da shekaru suna aiki kwana shida cikin bakwai. Rabin ajin sun kifa kai a kan benci. Ita ma a shagon gyaran farce take aiki, aikin da takardarta ba ta yarda da shi ba, da shi kuma take biyan makarantar da ke raya takardar.

Halin malami ba ya barinsa. Na rubuta mata wata tambaya a bayan ambulan, irin wadda nake tsorata 'yan ajin ƙarshe da ita. Layi huɗu ta yi ta gama. Tawa hanyar layi tara ce, kuma shekara ashirin ina alfahari da ita. Ta daɗe tana kallon ambulan ɗin, sannan ta tambaya ko zan bar mata shi.

Da aka tashi muka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa wajen Harlem. Ta ce tana da ɗan aiki a wata babbar jami'a, mai matakala da manyan ginshiƙai. Ashe aikin nawa ne. Ta miƙo mini wayarta, ta rungume littafi, ta tsaya a matakalar. Na ɗauka. Ta cire rigar sanyin ta sa wata daga jaka, ta kwance gashi, ta koma wani gefen. Hoto huɗu, na wata huɗu, kowane wata ta tura wa mahaifiyarta ɗaya, a zata a nan take karatu. Na ce mata me ya hana ta koma gida. Ta ce gonar tana daura da ƙofar gidansu, kullum da safe babanta yana ganin wani yana nomanta. Ba za ta je ta tsaya kusa da shi hannu wofi su kalla tare ba.

Mun ci abinci a shagon wata Hajiya 'yar Nijar, dambu da tuwon shinkafa miyar kuka, a farashin da ba zan faɗa wa uwargida ba. Ɗalibar ta zuba yaji har ta ba mu kunya. Hajiya ta ji abin da ya kawo ni, ta ce, "Malam, kai ma kawowa za ka yi? Shekarata goma sha biyar a nan, kowa kawowa yake. Mai zuwa ɗauka ne ban gani ba tukuna."

Bayan mako guda na sauka Kano. Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne, kuma ba daɗi: akwai makarantu na gaske a can, na gansu da idona, amma ƙofar da ake buɗe wa ɗiyar malamin sakandare da ɗiyar manomin shinkafa ba ta waɗannan makarantun ba ce. Na zaunar da 'yata na faɗa mata duka, ban rage komai ba, ina jiran ta ce ta haƙura. Wata na biyar ke nan tana zaune a gida, jami'ar da ta ɗauke ta tana yajin aiki.

Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Baba, amma ajin nan, kullum suna buɗewa?"

Na ce kullum.

Ta ce, "To a cike mini fom ɗin."