Mai Sanda da hujin tanki

Shekara ashirin da shida Mai Sanda ya yi yana auna mai a gidan man bakin hanya, har mutane suka manta ainihin sunansa. Kowace safiya sai ya buɗe murfin tankin da ke binne a ƙasa, ya zura doguwar sandarsa mai bakin tagulla don ya ga inda fetur ya tsaya. Wasu a hankali suke zura ta. Shi kuwa sakinta yake yi ta daki gindin tanki, sai ya ji "ƙwal" sannan hankalinsa ya kwanta. Mutum ne mai son aikinsa, mai kuma son a san ya iya.

Gidan man ya rufe, shi ma ya tsufa ya koma zaman benci a ƙofar gidansa, layi biyu daga wurin. Sai rijiyoyin bayan katangar gidan man suka fara wari. Wata mai wankau ce ta fara kokawa, don masu kawo mata kaya sun gudu, wai rigunansu na warin gareji. Mai Sanda ya yi mata dariya a gaban jama'a, ya ce ta je ta wanke guganta na rijiya tukuna.

Da ma'aikatan gyaran wurin suka zo, suka tono tankin da katafila, suka tara baƙar ƙasa a kan tamfol. Injiniyarsu, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta aika aka kira shi. Ta nuna masa huji a gindin tankin, faɗin babban yatsa, daidai ƙarƙashin bututun awo. Ƙarfen wurin ya lotsa kamar gindin tsohon turmi. Ba sai an gaya masa abin da ya huda shi ba.

"Baba, ba laifi nake nema ba," in ji ta. "Yaushe ya fara yoyo? In bai daɗe ba, a katangar nan za mu tsaya da gwajin ruwa. In ya daɗe, man ya yi nisa a ƙarƙashin gidaje, sai mun bi shi."

Ya sani sarai. Shekarar da aka haifi autarsa sandar ta fito da jiƙaƙƙen yashi a bakinta. Ya waiga, ba kowa, ya goge a wandonsa. Kullum sai ya goge, har aka rufe wurin, don kada a ce Mai Sanda bai iya aiki ba.

"Wallahi 'yata, na tsufa, ban tuna ba," ya ce, idonsa a ƙasa.

A gida ya tarar da matarsa tana jan ruwa, jikarsu tana riƙe da kofi tana jira. "Mu dai mun gode Allah, tamu rijiyar lafiya lau take," in ji matar. "Ko ba haka ba, maigida? Kai ne ka san mai."

Ya karɓi kofin ya shinshina, bai ji komai ba. Nan ya tuna cewa hancin da ya shekara ashirin da shida a bakin tanki ya daɗe da daina jin warin fetur. Ya zubar da ruwan, ya ce kada kowa ya sha, ya fita ko hula bai ɗauka ba.

Injiniyar tana tsaye da mutanen unguwa, har da mai wankau. Ya so ya ja injiniyar gefe, sai ya ga ai a gaban jama'a ya yi wa mai wankau dariya. Duk da kunya ya faɗa: yoyon ya shekara goma sha tara, kuma sandarsa ce ta huda tankin. Injiniyar ta buɗe taswira, ta ja sabon layi da ya haɗiye layukan unguwa huɗu, har da gidansa.

Ba wanda ya zage shi, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Mai wankau ta gyara mayafinta, ta dube shi a natse.

"Malam, na wanke gugan kamar yadda ka ce," ta ce. "Har sabo na saya."