Ƙayar Aduwa da Garmahon Yaya Sale

Ku da kuka san Yaya Sale kun san ba a shiga mota da shi a isa da wuri. Da ya hango bishiyar aduwa a bakin hanya sai ya buga jikin mota ya ce, "Direba, tsaya, uzuri." Fasinjoji su zaci fitsari ne, kowa ya kau da kai. Shi kuwa sai ya je gindin bishiya yana duba ƙaya ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen ragon layya, ya tsinko biyar ko shida, ya zuba a gwangwani, ya dawo ya zauna ko sannu babu. Wani direba a hanyar Taura ya taɓa ce masa, "Baba, sakace ne? Ga tsinke." Yaya ya ce, "Haƙoran da suka rage min ba su kai a tsayar musu da mota ba. Ja mu je."

Ƙayar nan allurar garmahonsa ce. Yana da garmaho irin na da, mai akwati, wanda ake wanawa da hannu, kuma bai yarda ƙarfe ya taɓa masa faifai ba. Ƙayar sai ta bushe a inuwa, ya fere ta da reza, ya goge bakin a kan samfefa, sannan ya ɗaura. Faifai ɗaya, ƙaya ɗaya. Kullum maganarsa ita ce, "Ƙarfe yana cin faifai, faifai yana cin ƙaya. Gara a ci ƙaya."

Ni ne ƙaninsa Ɗanjuma, autan ɗakinmu, shi kuma ɗan fari. Faya-fayansa sun kai arba'in, amma ɗaya ne ya hana ni sakat. Wasu masu ɗaukar murya sun taɓa zuwa ƙauyenmu a ƙasar Miga, suka ɗauki mata suna waƙar daɓe, a cikinsu har da Innarmu. Ta rasu ban kai yaye ba, ko hotonta babu. Yaya ya tsinci faifan a wani shago a Kano. Matan sun kai shida, kuma duk duniya shi kaɗai ya rage wanda ya san wace murya ce tata. Sau ɗaya yake sa shi a shekara, washegarin babbar Sallah bayan la'asar.

Sai in ce, "Yaya, wacce ce?"

"Ka saurara."

"Mai bayar da waƙar?"

"Wannan Tabawa ce, matar Sarkin Pawa. Inna ta fi ta kunya."

"To mai guɗar?"

"Allah ya kai mu baɗi."

Can kusa da ƙarshe akwai wani jariri da yake tsala kuka a cikin faifan. Da ya fara, Yaya zai ja tsaki ya ɗage kan allurar ya ce, "Ɗan banzan yaro, ya ɓata wa mutane faifai." Sai ya mayar da shi rigarsa ta takarda, shi ke nan sai wata shekarar. Haushi nake ji sosai, ba na ɓoyewa.

Da aka ba mu jiha aka ce ma'aikata su tattaro su dawo Dutse, ni na samo masa motar kwasar kaya daga Kano. Aka gama lodi, matarsa Hajiya Ladi ta nufi gaban mota, sai ta tarar garmaho ya riga ta, an shimfiɗa masa bargo, an tokare shi da matashi biyu.

Ta ce, "Malam, ni ina zan zauna?"

"Baya akwai katifa."

"Akwati a gaba, ni a kan kaya?"

"Ke in gargada ta jijjiga ki, kwana biyu kin warware. Wannan in sifirin ɗinsa ya tsinke, wanda ya ƙera shi ya daɗe a ƙasa."

Har muka iso unguwar Takur a Dutse, ni na sha faɗan a madadinsa.

Ranar Asabar ranar gyara ce, kuma wanda ya zo gaisuwa ranar ya kawo kansa. Zai kwance injin, ya wanke tsohon maiƙon da kananzir, ya ɗiga man keken ɗinki da gashin kaza. Faya-fayai kuma ruwan sama yake tara musu na wanki, wai na rijiyar Takur yana barin fari a layi, ya jingine su a inuwa don rana tana lanƙwasa su. Daga nan ya ɗiga alli a gefen farantin da ke juyawa, ya riƙe agogo, baƙo ya ƙirga. Dole allin ya zagayo sau saba'in da takwas a minti ɗaya. Wani maƙwabcinmu malamin lissafi ya ƙirga sau uku, yana samun saba'in da shida. Yaya ya dube shi ya ce, "Malam, a haka kuke koya wa 'ya'yan mutane?" Bayan ya tafi na ga Yaya ya ɗan murɗa maɓallin gudu, muka haɗa ido, ya ce in je in ga ko an kira sallah.

Na taɓa kawo rikoda da sabon kaset na ce a juye min waƙar Inna in riƙa ji a gida har in gane ta. Ya juya kaset ɗin a hannu ya ce, "Uwar tamu zan sa a cikin zare, rikoda ta tauna?" Na koma da abuna.

Shekarun da aka fara shari'a, wasu samari uku na unguwa suka yi sallama, cikin ladabi, suka ce an ce ana kiɗa a gidan. Yaya ya shimfiɗa musu tabarma ya ce, "Gaskiya ne. Sai dai makaɗan duk sun rasu, in nasiha ce sai addu'a." Babbansu ya yi ta kallon kayan gyaran da ke baje, can ya ce, "Baba, ko kana duba lasifika? Ta masallacinmu tana shaƙewa." Yaya ya bi su da sukundireba. Suka rabu a kan zai rage sauti lokacin karatun yara, shi kuma lasifikar ta zama tasa har ya bar duniya. Ladan ma sai ya tambaye shi kafin ya taɓa maɓalli.

Sallar da ta zama ta ƙarshe, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya ce in wana garmahon. Ban taɓa taɓa shi ba sai ranar. Ya zaɓo ƙaya da kansa, na ɗaura, mata suka fara waƙa cikin shuu ɗin tsufa. Ban tambayi komai ba, na gaji da tambaya. Jariri ya fara kuka, na kai hannu zan ɗage, Yaya ya riƙe min hannu.

Sai shuu ɗin ya ɗauke. Wata murya ta fito tar, kusa, kamar a tsakar gidan take. Ta ce, "Kai wannan, miƙo min shi." Sannan ƙasa-ƙasa, "Yi shiru, Ɗanjuma, ga ni. Ga ni."

Allura ta kai ƙarshe tana ƙwas, ƙwas, ba wanda ya ɗage ta.

Yaya ya ce, "To ka ji ɗan banzan yaron. Ni ina goye da kai, ni ne 'kai wannan', don ba ta faɗin sunan ɗan fari. Kai da ka ɓata waƙa kai aka kira."

Na ce, "Yaya, shekara da shekaru ka hana ni wannan?"

"Ko ƙaya ce tana ɗan ci. Sauran waƙar na bari ta cinye, nan wurin na ajiye maka. Da na ba ka tun kana rawar kai, da yanzu babu."

Na yi kuka, shi kuma ya ce in matsa kada in ɗiga a faifai.

Garmahon yana wurina yanzu, da gwangwanin, cike da ƙaya da ya fere ya bari. Sau ɗaya nake sawa a shekara, har ƙarshe. Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya haɗa shi da Inna a Aljanna, ta kira shi da sunansa.